Sau Biyu Na Buɗe Injin Kafin Impala Ta Hau Tudu

Motar da nake magana a kanta Chevrolet Impala ce, siteshin wagon ƙirar 1973, mai kujeru layi uku. Tsawonta ya haura mita biyar da rabi, nauyinta ya wuce tan biyu tun kafin ko mutum ɗaya ya shiga. Ƙofarta ta baya irin wadda gilashin ke zamewa sama ya shige cikin rufi ce, ƙarfen kuma ya nutse ƙasa, sai bayan ya buɗe wayam. Wannan ƙofa ce ta fara jan hankalina ranar da na gan ta, har yau kuma ban gaji da kallonta ba. Abu ɗaya ne ya riƙa damuna. Idan na ɗebi iyali da kaya muka doshi wani dogon tudu da ke kan hanyar da muka saba bi, sai motar ta fara nishi. In taka totur har ƙasa, giya ta sauko ta biyu, inji ya yi ta kururuwa, amma manyan motocin kaya suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya.

Injin cikinta V8 ne mai inci kubik 350, wato lita 5.7, da kabireta mai maƙogwaro biyu. A takarda ƙarfin doki 145 yake bayarwa. Wanda ya duba tsofaffin takardu zai ga an rubuta wa irin wannan inji 250 a 1970, sai ya ɗauka an lalata shi ne cikin shekara uku. Gaskiyar ta kasu biyu. Daga 1972 kamfanonin motocin Amurka suka sauya yadda suke auna ƙarfi: da a tsirara ake auna inji, babu salansa, babu matatar iska, daga baya aka koma auna shi da duk kayan da yake ɗauke da su a cikin mota, sai adadin ya faɗi ko da ba a taɓa komai ba. Ɗaya ɓangaren kuwa ragi ne na gaske, domin a 1971 General Motors, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ya sauko da matsin injinansa, wato yawan ninkin da fistin ke matse iska da mai a cikin silinda, zuwa wajen 8.5 don su iya shan fetur marar dalma, sannan dokokin rage hayaƙi suka biyo baya. A kan wannan sai a ɗora shekara kusan hamsin na aiki.

Da na yanke shawarar ƙara mata ƙarfi, sai na nemi shawarar wani abokina da ke da mota mai irin wannan inji. Tasa ƙarama ce, mai ƙofa biyu da giyar hannu, kuma tana tashi kamar an harba kibiya. Ya lissafa mini abin da ya sa a tasa, ni kuma na sayi irinsu sak: babban kamshaf (sandar da ke buɗe bawul tana rufe su) mai riƙe bawul a buɗe fiye da digiri 230, manifol (hanyar da ke kai iska da mai daga kabireta zuwa silinda) mai buɗaɗɗen ciki irin na tsere, da ƙatuwar kabireta wadda maƙogwaronta huɗu ke buɗewa da zarar ka taka. Bai cuce ni ba, abin da ya yi masa aiki ya faɗa mini. Ni ne ban tsaya na yi tunanin cewa motata ta fi tasa nauyi da ɗaruruwan kilo ba, kuma giyarta otomatik ce.

Alheri ɗaya da na samu a wannan aiki na farko shi ne sarƙar taimin. Da muka cire murfin gaba sai muka tarar haƙoran giyar kamshaf, waɗanda aka lulluɓe da roba mai tauri don rage ƙara, tsufa ya gutsuttsure su, sarƙar kuma ta saki har ana iya lanƙwasa ta da yatsa. Muka sauke kwanon mai muka kwashe gutsattsarin da suka taru a bakin famfon mai, muka sa sabuwar sarƙa da giyar ƙarfe zalla. Duk mai tsohon inji na wancan zamani da bai taɓa duba wannan wuri ba, ina roƙonsa ya duba.

Ranar da muka tayar da injin, ƙararsa ta yi mini daɗi ƙwarai. A silo yana bugawa yana girgiza motar kamar doki mai ɗokin sukuwa. Amma da na sa giya sai ya mutu. Na ƙara silo, ya tsaya da ƙyar. A kan titi kuwa abin ya ba ni tsoro: motar ta fi da nauyin tashi. In na taka da ƙarfi daga tsaye sai ta yi tari, ta yi jim, kafin ta motsa. Sai ta wuce juyi 3,500 a minti take farkawa, a lokacin kuma na riga na wuce gudun da ya dace. Fulogi suka yi baƙi ƙirin, tankin mai ya riƙa ƙarewa da wuri. Na yi ta ba kaina haƙuri ina cewa gyaran kabireta ne ya rage, har ranar da muka shiga cunkoso da yara a baya, na taka birki sau biyu a jere, a na uku feda ta yi tauri kamar dutse. Da ƙafa biyu na tsayar da motar, saura ƙiris mu daki ta gabanmu. Ban sake ɗaukar kowa a cikinta ba sai da na gane dalili.

Wani tsohon bakanike na kai wa, mutumin da ya tsufa a kan irin waɗannan injina. Bai buɗe komai ba. Agogon auna zuƙar iska kawai ya jona a manifol, allurar ta tsaya tana rawa a wajen inci 9. Ya ce lafiyayyen inji irin wannan kamata ya yi ya nuna 17 zuwa 21, kuma da wannan zuƙar ce bustan birki, abin da ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki, ke aiki. Babban kamshaf ya cinye ta, shi ya sa birkin ya bar ni da ƙarfin ƙafata kaɗai. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, a wane juyi kake tuƙa motar nan?"

Na ce, "Baba, ban taɓa lura ba."

Ya ɗaura mini ƙaramin agogon juyi a jikin sitiyari, ya ce in je in yi mako guda ina tuƙi yadda na saba, ni kaɗai, ina rubuta abin da na gani. Da na dawo da takardar, kusan duk tafiyata tsakanin juyi 1,500 ne da 2,800. Ko a kan tudun ban kai 4,000 ba. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce, "To ka gani. Ƙarfin da ka saya yana can sama, inda ba ka zuwa. Wanda kake da shi a ƙasa kuma ka bayar da shi."

A nan ne na fara fahimtar bambancin ƙarfin doki da ƙarfin murɗa. Ƙarfin murɗa shi ne yadda inji ke murɗa karanshaf a kowane juyi, shi ne abin da ke ture mota daga tsaye, ya kuma riƙe ta a kan tudu. Ƙarfin doki kuwa lissafi ne: ƙarfin murɗa a ninka da yawan juyi. Saboda haka inji zai iya samun babban adadin doki ta hanyar juyawa da sauri ƙwarai alhali a ƙasa ba shi da kataɓus. Ƙaramar mota mai giyar hannu ba ta damu ba, direba zai ɗaga juyi ya saki kuloci. Motar tan biyu mai otomatik kuwa dole ta tashi daga juyin da kwanbata, wadda ke haɗa inji da giyar otomatik a madadin kuloci, ta ba ta, wanda bai kai 2,000 ba.

Ya zana mini yadda abin yake a kan kwali. Babban kamshaf yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska har sai fistin ya yi nisa da hawowa. A babban juyi wannan dabara ce mai kyau, domin iskar da ta taho da gudu tana ci gaba da cusa kanta cikin silinda. A ƙaramin juyi iskar ba ta da wannan gudu, sai fistin ya mayar da wani kaso nata waje ta inda ta shigo. Injin da matsinsa ya kai 10 ko 11 zai iya jure wannan asara. Nawa mai 8.5 ba shi da rarar da zai bayar. Manifol mai buɗaɗɗen ciki ya ƙara rage saurin iskar, ƙatuwar kabireta kuma ta buɗe baki gaba ɗaya a lokacin da injin ba shi da numfashin da zai ja mai ta cikinta. Wannan shi ne tarin da take yi. Har lissafi ya yi mini: inci kubik 350 a ninka da juyi 5,000 a raba da 3,456, zai ba ka ƙafa kubik 506 na iska a minti, shi ma in injin yana cika silindarsa taf, abin da injin titi ba ya yi; ke nan ƙatuwar kabiretar ta wuce abin da injin ke iya ja.

Kafin ya yarda mu sayi ko da kusa ɗaya, sai da muka auna matsin silinda takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, inji da ɗumi, fulogi duka a cire, totur a buɗe. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ba ta wuce kashi goma cikin ɗari ba, matsin mai kuma yana nan daidai. Ya ce ƙasan injin yana da sauran rai, ba sai mun taɓa fistin da ringi ba. Da awon ya nuna akasin haka, da duk abin da za mu ɗora a sama ɓarnar kuɗi ce.

Kamshaf ɗin da muka sa a karo na biyu ƙarami ne, irin wanda ake sa wa motocin jan kaya: digiri 204 a bawul ɗin shiga, 214 a na fita. Ya ɗan fi na asali kaɗan ne kawai, har na ji kamar baya nake komawa. Muka haɗa shi da sababbin tafet, ƙananan ƙarafan da ke hawa kan kamshaf suna isar da motsinsa ga bawul, domin tsohon tafet ba ya hawa sabon kamshaf, kowanne ya riga ya saba da wanda ya goga da shi.

Inda muka kashe kuɗi da gaske shi ne tof silinda, wato murfin saman silinda da bawul ke zaune a ciki. Na asali ɗakin ƙonewarsu babba ne, cc 76. Muka samo irin waɗanda ake kira Vortec, da aka fara sa wa motocin ɗaukar kaya na kamfanin a 1996. Ɗakinsu cc 64 ne, siffarsa kamar zuciya, yana ƙone mai da sauri, hanyar iskarsu kuma ta fi ta tsofaffin kyau nesa ba kusa ba. Ƙanƙantar ɗakin kaɗai ta ɗaga matsin injin ya haura 9 ba tare da an sauya fistin ba. Suna da sharuɗɗansu. Tsohon manifol ba ya hawa kansu saboda ramukan kusoshi sun bambanta, murfin bawul ma nasu daban ne, haka 'yan sandunan da ke danna bawul. Ba sa ɗaukar kamshaf mai ɗaga bawul sosai, in ya doshi rabin inci sai an yi musu aiki tukuna. Namu bai kai nan ba, amma duk da haka Baba ya auna kowane bawul da hannunsa. Da yake na hannu muka saya, sai da aka gwada su aka tabbatar babu tsagewa.

A samansu muka ɗora manifol mai hawa biyu, wanda ke raba silinda takwas gida biyu, hanyoyinsa dogaye kuma matsattsu don iska ta yi sauri tun daga ƙaramin juyi. Kabireta kuwa tsohuwar Rochester Quadrajet Baba ya ciro daga kan kanta ya wanke, ya sauya mata kayan ciki. Mutane da yawa suna raina ta don tana da wuyar saiti, amma a ganina babu wadda ta fi ta dacewa da mota mai nauyi. Maƙogwaronta biyu na gaba ƙanana ne, da su kake tafiyar yau da kullum, suna ba da amsa nan take ba tare da shan mai ba. Biyun baya manya ne ƙwarai, amma akwai wani marfi a samansu da ba ya buɗewa sai gwargwadon iskar da injin ya nema. Ko ka taka har ƙasa daga tsaye, ba za ta shaƙe shi ba.

Tayarwar farko da sabon kamshaf tana da ƙa'idar da ba a wasa da ita. Irin wannan kamshaf mai tafet shafaffe, man da karanshaf ke fantsamawa shi ne ke jiƙa shi, saboda haka in aka bar inji a silo a mintunan farko zai iya cinye kansa. Muka zuba mai mai sinadarin zinc da yawa, domin man zamani an rage masa shi, muka cika kabireta da fetur, muka saita wuta tun kafin a murɗa makulli don kada a yi ta gwaji. Yana kamawa muka kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500, muka riƙe shi a nan minti ashirin muna ɗan hawa da sauka. Ni ina kan agogon zafi da na mai, Baba yana tsugune yana leƙen yoyo, babbar fanka tana hura lagireto. Ban taɓa jin minti ashirin ya yi tsawo haka ba. Da muka kashe muka juye man da zafinsa, muka yanka matatar muka duba, babu garin ƙarfe.

Distiributa mai kwantak ma mun sallame ta, muka sa HEI, distiributa mai aiki da lantarki ba tare da kwantak ba, wadda ta zama ta kowa a motocin kamfanin daga 1975. Sai dai sa ta ba shi ne aikin ba, saitin ne. A fitar farko, ina fara hawan tudu na ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wuta ce ta yi gaba da yawa, wato fulogi na kunna mai da wuri fiye da kima kafin fistin ya kai sama. Tsofaffin tof silinda suna son wajen digiri 36 gaba ɗaya, waɗannan kuwa da yake suna ƙonewa da sauri, 32 ta ishe su. Mota mai nauyi kuma tana danne inji a ƙaramin juyi fiye da mai sauƙi, a nan ne wannan ƙara ke fitowa, kuma in aka ƙyale ta fistin take fasawa. Muka ja wutar baya, muka sa sifirin masu ɗan tauri a cikin distiributa don kada ta yi saurin kaiwa ƙarshe, na kuma koma shan fetur mai inganci. Sau huɗu muka koma tudun kafin ƙarar ta ɓace. Salansa mun mayar da ita biyu, bututu matsakaita, ban bi ta masu faɗi ba.

A wannan mataki motar ta riga ta zama wata daban. Agogon zuƙa ya koma 17 ya tsaya cak, birki ya dawo da laushinsa. Na ɗauka an gama. Baba ya ce in ɗaga tayar baya ɗaya, in bar ɗayar a ƙasa, in yi wa farfela alama da alli, in juya tayar sau biyu ina ƙirga juyin farfelar. Ta juya sau biyu da kusan kashi uku cikin huɗu. Wato aksil ɗin, giyar da ke tsakanin farfela da tayoyin baya, 2.73 ne, wanda aka zaɓa don tsimin mai a doguwar hanya.

Ga lissafin da ya buɗe mini ido. Giyabos ɗin motar TH350 ne mai giya uku, ta farkonsa 2.52. A ninka da 2.73, sai ka ga ƙarfin injin yana ninkuwa kusan sau 6.9 kafin ya kai taya. In aka sa aksil 3.42 za ta tashi da kyau, amma a gudun kilomita 100 a awa, da tayar da nake da ita, injin zai tashi daga juyi kusan 2,000 ya koma kusan 2,500, ga ƙara ga shan mai. Mafita ita ce giyabos 700R4 mai giya huɗu, wanda ya fito a farkon shekarun 1980. Giyarsa ta farko 3.06 ce, ta huɗu kuma 0.70. Da shi da aksil 3.42, ninkin tashi ya kai kusan 10.5, ƙarin da ya wuce rabi, a kilomita 100 kuma injin yana kwance a wajen juyi 1,700, ƙasa da yadda yake a da. Babu wani kamshaf ko kabireta da zai ƙara wa inji rabin ƙarfinsa a tashi. Da na san haka tun farko, da daga nan na fara.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sai da aka matsar da ƙarfen da ke tallafe giyabos, aka auna farfela aka gyara tsawonta, aka ja wayar da ke kulle kwanbata a giya ta huɗu, aka sauya ɗan giyar da ke juya mitar gudu don kada ta riƙa ƙarya. Abin da ya fi komai hatsari wata 'yar waya ce da ke tashi daga kabireta zuwa giyabos. A tsohon giyabos irin wannan waya saukar da giya kawai take yi. A wannan kuwa ita ke faɗa masa yawan matsin man da zai riƙe faifan kulocinsa. In ta yi sako-sako, motar za ta riƙa sauya giya da laushi mai daɗi, alhali a ciki tana ƙonewa. Baba bai yarda da ido ba, agogon matsi ya jona a jikin giyabos, ya tabbatar allura tana motsawa da zarar an taɓa totur.

Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne. Na sa lagireto mai layi da yawa, na mayar da rumfar fanka da wani mai motar na baya ya cire, na ƙara wa man giya nasa ƙaramin lagireto a gaba. Birki kuma na bi shi kaf: sababbin tiyo, sabon mai, faifan gaba da gangunan baya, da shokozoba huɗu. Bayan abin da ya faru a cunkoson nan ban yarda a bar ko ɗaya ba.

Mun yi maganar mayar da injin mai inci kubik 383, wato a ɗan faɗaɗa silinda a sa karanshaf mai bugun inci 3.75 a maimakon 3.48. Ga mota irin wannan babu abin da ya fi shi, domin ƙarinsa a ƙasa yake fitowa. Amma na bar shi sai ranar da ringi suka gaji da kansu, tunda a lokacin dole ne a buɗe ƙasan.

Da na koma tudun da mutum takwas da kaya cike da baya, na shigo gindinsa a giya ta huɗu. Na ɗan ƙara taka totur, ta sauko ta uku ba tare da wata girgiza ba, agogon juyi ya tsaya a wajen 2,500, ya zauna a nan har muka kai ƙoli. Maƙogwaron baya ko buɗewa ba su yi ba, allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba. Washegari na koma wurin Baba na faɗa masa. Ya ce in buɗe bonet, ya ciro fulogi biyu ya duba, ya ga sun yi ruwan ƙasa, ya mayar da su. Sannan ya ce in dawo bayan kilomita dubu a sake duba wayar giyabos da kusoshin manifol.